Uku da Wutsiya

Mutanen Gumel da suka san Ilu mai walda, in ka tambaye su halinsa, da igiya za su fara maka. Wata siririyar igiyar auduga ce, ta yi baƙi don shan hannu, kullum tana aljihun gaban rigarsa. Duk abin da ya gani zagayayye sai ya auna shi: faifan matarsa Asama'u, bakin tulu, tayar tirelar da ta tsaya shan mai, har gangar maroƙi a wajen suna. Zai zagaya abin da igiyar, ya danne da farce, sannan ya shimfiɗa ta a kan faɗinsa yana ƙirgawa. Ɗaya, biyu, uku. Kullum uku ne, kuma kullum sai wani ɗan guntu ya rage yana lilo. Wannan guntun shi yake kira wutsiya. Asama'u ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa sayen murfin tukunya ya kwana ba a auna shi ba.

Haifaffen Ɗanzomo ne. Noma bai karɓe shi ba, domin mutum ne da zai ajiye fartanya ya tsuguna yana kallon yadda tururuwa ke zagaye raminta. Da mahaifinsa ya gaji, sai ya kai shi Maigatari wajen wani maƙeri mutumin Damagaram mai suna Ishaƙ, wanda ya yi suna wajen naɗa ƙarfe ya zama zobe. Shekara tara Ilu ya yi a rumfarsa.

To, Ishaƙ yana da wata al'ada da ya gada. Duk wanda ya tambaye shi tsawon ƙarfen da za a yanka don a yi zobe, amsa ɗaya yake bayarwa: faɗin zoben sau uku. Wanda ya yanka a haka kuwa, zobensa ba zai haɗe baki ba. Sai maigidan ya zo kafin a sa zarto, ya matsar da layin alli gaba kaɗan, ya wuce. Nawa ya matsar, don me, wannan sirrin gida ne. Ba a faɗa wa kowa sai wanda ya naɗa ƙarfe a rumfarka har hannunsa ya yi bororo, kuma sai ranar da za ka yaye shi.

Ranar yayen Ilu, bayan la'asar, Ishaƙ ya ja shi gindin darbejiya ya gaya masa abu biyu. Na farko, wutsiyar nan kashi ɗaya ce cikin bakwai na faɗin. Na biyu, ƙarfe yana da ci. In ka lanƙwasa shi sai ya cinye kaurinsa sau uku, saboda haka ka ba shi abincinsa tun kafin ka sa zarto. Ya karɓi alkawarin riƙe sirrin a hannunsa, ya ba shi goro da guduma, ya sallame shi.

Ilu ya dawo Gumel ya kafa rumfa, ya koyi walda, ya haɗa wa kansa injin lanƙwasa ƙarfe na hannu da ƙarafan wata matacciyar babbar mota. Sirrin nan ya ciyar da shi shekaru. Sai dai bai bar shi ya huta ba. Ya auna ya sake aunawa, ya ga kamar wutsiyar ba ta cika ɗaya bisa bakwai cif ba, kamar da ɗan saura kaɗan ta kai. Ba wanda zai tambaya, don tambayar ma tona asiri ce.

A bazarar 1997 wani ofishin aikin ruwa da ke Gumel ya ɗauki haƙar rijiyoyi huɗu: ɗaya a wajen gari, ɗaya a ƙasar Maigatari, ɗaya a Gagarawa, ɗaya a Sule Tankarkar. Ƙasarmu ta nan rairayi ce, ba a haƙa ta tsirara. Zoben siminti ake jerawa, mahaƙi yana ciki yana kwashe ƙasa, zobban suna nutsewa da nauyinsu. Na can ƙasa shi ake sa wa takalmi, wato zoben ƙarfe mai kauri da ke rungume shi yana yanka masa hanya. Duk nauyin rijiyar a kansa yake ƙarewa. In ya fashe, zobba su karkace, rairayi ya kwararo, kuma akwai mutum a ciki.

Damina ta matso, mutum ɗaya ba zai gama takalma huɗu ba. Sai aka raba aikin: Ilu ya yi na Gumel, masu walda uku na can su yi sauran. An kawo sandar ƙarfe huɗu daga Kano, kowa ɗaya. Ranar Litinin da hantsi aka kira shi ya karɓi zanensa.

Mai zanen wata mata ce, Dinah, 'yar Pankshin, wadda aiki ya kawo bayan an yi sabuwar jiha. Tana zaune a ɗaki mai labule, janareta na ruri a waje, a gabanta kwamfuta ɗaya tilo ta ofishin. Ilu ya cire takalmi a bakin ƙofa, suka gaisa, ta miƙa masa takarda. Shi kuwa idonsa na kan gilashin, inda zoben yake a zane, fari a kan baƙi.

Ya tambaya ko da alƙalami ake zanawa a ciki. Ta yi dariya, ta ce ya matso da kujera. A gefen zanen akwai ɗan jadawali, kowane awo da sunansa: faɗi, kauri, tsawo. Ta ce zobban simintin rijiyoyin ba girmansu ɗaya ba, don kowane gari da abin zubinsa, ƙarafan ma ba kaurinsu ɗaya ba. Shi ya sa ba ta zana huɗu ba, ɗaya ta zana. Ta goge hamsin da shida da ke gaban faɗi ta sa sittin. Nan take zoben ya kumbura, lambar tsawo ta canza da kanta.

Ilu ya ja da baya, sannan ya dawo kusa fiye da dā.

"Malama, wa ya gaya mata tsawon?"

"Ba wanda ya gaya mata, Baba. Ƙa'ida na rubuta mata a gurbin. Ga ta: faɗi sau wannan."

Ta nuna wasu haruffa biyu, PI. Ta ce fai ake kiransa. Faɗi yana canzawa, kauri yana canzawa, shi wannan ba ya motsi. Ilu ya ce a nuna masa fuskarsa. Ta danna, sai lamba ta fito: uku, ɗigo, ɗaya, huɗu, ɗaya, biyar, tara, ta yi ta tafiya har bakin gurbin. Ta ce sau nawa faɗi ke shiga cikin kewaye ke nan, uku da ɗan ƙari. A makaranta, don sauƙi, akan ce wa yara uku da ɗaya bisa bakwai.

"Yara?" in ji Ilu.

"'Yan aji ɗaya na sakandare."

Shekara taran nan ta zo ta wuce ta gaban Ilu, da zuga-zugi da gawayi da ranƙwashin Ishaƙ. Sai kuma dariya ta kama shi, har Dinah ta zaci ta yi masa wani laifi. Da ya share ido, bai yi ƙorafi ba, tambaya ya yi: shin ɗaya bisa bakwai ɗin daidai take? Ta ce a'a, ta ɗan zarce kaɗan. Ilu ya bugi gwiwarsa. Abin da igiyarsa ke gaya masa shekara ashirin ke nan, yana zargin farcensa.

Ya tambaya ina ƙarshen lambar. Ta ce ba ta da shi. Shi ya sa ba ta rubuta ta da hannu, don duk inda ka tsaya ka yanke ta. Da ta fara aikin uku da ɗigo sha huɗu take sawa, sai injiniyansu ya ce ta daina, ta kira ta da sunanta kawai, na'urar ta ɗauko iya abin da za ta iya ɗauka. Ilu ya ce ya gane, kamar mutumin da jerin kakanninsa ya yi yawa, sai a kira shi da laƙabi ya amsa.

Sai a lokacin ya duba takardar hannunsa. Faɗi inci hamsin da shida, kauri rabin inci, tsawo ɗari da saba'in da biyar da ɗigo casa'in da uku. Ya yi nasa lissafin a zuci. Sau uku, ɗari da sittin da takwas. Wutsiya, takwas. Abincin ƙarfe, ɗaya da rabi. Ɗari da saba'in da bakwai da rabi. Ashe na'urar ta san sirrin farko fiye da Ishaƙ, amma na biyun ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Ya ce mata ta ƙara inci ɗaya da rabi. Ta ce don me. Ya ce haka dai. Ta ce ba taurin kai ba ne, gurbin nan ba lamba yake ci ba, ƙa'ida yake ci. In ta cusa ɗaya da rabi da ƙarfi, na Gagarawa fa, da ƙarfensa ya fi kauri? Na rijiyoyin baɗi fa? Kuma injiniya zai tambaye ta dalili.

"Ka ba ni dalilin, Baba, yanzu in rubuta. Ranar Alhamis motar da za ta kasuwar Maigatari za ta tafi da sauran zanen."

Ilu ya naɗe takardarsa ya ce zai yi tunani.

Nasa takalmin ba abin damuwa ba ne, zai matsar da alli kamar yadda maigidansa ke yi. Sauran ukun ne. Ya san masu waldar, mutanen kirki, amma ƙofa da taga suka tashi suna yi, abin da takarda ta ce shi za su yanka. Zobe zai ƙi haɗuwa, ba wata sandar, za su sa guntu su cike giɓin, su shafa fenti. A ido lafiya lau. A ƙarƙashin zobe talatin kuwa, daidai wannan ƙarin zai buɗe.

Washegari ga Ɗantala a rumfar. Taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma mahaƙin rijiya tun yana saurayi. Ya zo gyaran bakin diga. Ya zauna kan durom, ya ce ya ji labarin an kai Ilu gaban talabijin ta kayar da shi a lissafi. Ilu ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a rami kamar gafiya ina ya san lissafi. Suka yi ta yi. Can Ilu ya tambaye shi wace rijiya aka ba shi.

"Ta Gagarawa. Gaba ashirin da biyu in Allah ya yarda. Me ya sa ka ɓata fuska, bawana?"

Ilu bai faɗi sirrin ba, amma ya gaya masa yadda ake ciki: akwai abin da ya sani, zane bai sani ba, kuma akwai alkawarin Ishaƙ a wuyansa. Ɗantala ya daina wasa da digar. Ya ce shi bai san ƙa'idar maƙera ba. Abin da ya sani, in yana can ƙasa ya ɗaga kai, sama ba ta fi faifai girma ba, kuma duk ƙarar da ƙarfe ya yi a cikinsa yake jin ta. Ya ɗauki digarsa ya tafi, ko sallamar tsiyar da suka saba bai yi ba.

Ilu ya wuni yana juya maganar. Karya alkawari ba ya cikin abin da zai iya. Amma alkawarin bai hana shi ɗaukar mai koyo ba, shi ne dai bai taɓa samun wanda ya yi masa ba. Kafin magariba ya hau kekensa ya je ofishin, ya tarar Dinah na rufe ƙofa. Ya ce in tana son dalili, ta zo rumfa gobe da safe, ta sa kayan da ba ta so.

Ta zo, ta ɗaura tsohon zane a kan siket. Maƙwabta suka fara leƙe: mai faci, mai shayi, masu jiran mota. Ilu bai kula su ba. Ya kawo wani gutsuren bututu mai faɗin inci goma sha huɗu da ragowar ƙarfe mai kaurin rabin inci, ya ce ta yi masa zoben da zai rungumi bututun, da lissafinta. Ta buga a ɗan kalkuletanta, ta ce arba'in da huɗu saura ƙiris. Ya ce ya bar mata ƙiris ɗin sadaka. Ta ja alli, ya miƙa mata zarto.

Yankan kaɗai ya ci rabin awa. Mai shayi ya ce a tausaya wa Malama, Ilu ya ce a rumfar nan babu Malama, sabuwar mai koyo ce, kuma ta fi wasu da ya sani riƙon zarto. Sannan aka sa ƙarfen a injin, ta kama mariƙin tana juyawa, shi yana ɗaure dunƙulen sama mai danne ƙarfen kaɗan-kaɗan. Gaba, baya, gaba, baya. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Da ƙarfen ya zagayo, suka ɗora shi a kan bututun.

Bai haɗu ba. Giɓin ya ɗauki yatsun Ilu biyu.

Dinah ta sake auna bututun. Ta sake buga lissafin. Ta tsuguna tana duban ƙarfen, ta shafa cikinsa inda tsatsa ta tattare, ta shafa bayansa inda ta tsattsage. Ilu ya ce ta buɗe hannunta. Ga bororo biyu a tafin, ɗaya har ya fashe. Ya ce ya isa. Ya ja ta gefe, nesa da kunnen mai shayi, ya gaya mata abin da aka gaya masa a gindin darbejiya, kalma da kalma: ƙarfe yana da ci, kaurinsa sau uku.

Ta daɗe tana kallon zoben. Sai ta ɗauki alli ta ja layi a tsakiyar kaurin ƙarfen. Ta ce ga abin da take gani: cikin ya matse, bayan ya miƙe, tsakiyar nan ce kaɗai ta tsaya a tsawon da aka yanka. Ita kuwa kewayen bututu ta auna, alhali tsakiyar ƙarfen tana waje da shi, rabin kauri ta nan, rabin kauri ta can. Ilu ya karɓi allin ya bi layin da yatsa. Shekarunsa nawa yana ba ƙarfe abinci, bai taɓa sanin inda bakinsa yake ba.

Dinah ta rage murya.

"Baba, ka san in na sa wannan a na'ura ya bar gidanka. Duk wanda ya buɗe zanen zai gani. Ba zan iya ɓoye shi ba."

"Na sani. Ni na ba wadda na yaye, kamar yadda aka ba ni. Yanzu naki ne. Ishaƙ ya ɓoye don kada rumfarsa ta mutu, Allah ya jiƙansa, amma zoben amalanke yake yi. Bai taɓa yin wanda taubashinsa zai tsuguna a ƙarƙashi ba."

Ya aika aka sayo goro, ya ɗauko wata ƙaramar guduma ya ba ta. Ta karɓa da hannu biyu, ta rusuna.

Bayan azahar suka koma ofis. Da yatsa mai ɗaure da tsumma ta gyara ƙa'idar: a haɗa faɗi da kauri tukuna, sannan a ninka da fai. Ta danna. Lamba ta fito: ɗari da saba'in da bakwai, ɗigo huɗu, tara, tara, tara, takwas.

Ilu ya sa ta karanta masa ƙa'idar sau biyu. Sai ya ce ta tsaya. Wato kaurin ma da fai ɗin ake ninka shi? Ta ce ƙwarai. Wato sau ukun abincin ƙarfe shi ma yana da tasa wutsiyar, Ishaƙ ya yar da ita don ƙanƙanta? Ta ce haka ne, kuma abin da ya yar a nan shi ya cike abin da ɗaya bisa bakwai ta zarce da shi a can, shi ya sa a wannan zoben suka zo kusan daidai. Ilu ya kama haɓa. Ashe abu biyun da ya ɗauko daga Maigatari abu ɗaya ne, ya shigo ta ƙofa biyu.

Ta sa awon Gagarawa, lamba ta canza. Ta sa na Maigatari da na Sule Tankarkar. Na'urar buga takarda ta yi ta ƙara kamar mai saƙa, zane uku suka fito, kowanne da tsawonsa. Injiniya ya duba ƙa'idar ya sa hannu. Ranar Alhamis mota ta tafi da su.

Kafin ruwan farko Ɗantala ya taɓo ruwa a gaba ashirin da uku. Ya biyo ta rumfar da laka a gemu, ya ce takalmin Gagarawa ko tari bai yi ba, kuma ya ji an ce mai waldar can ya fi Ilu hannu. Ilu ya ce gafiya dai ta fito, a ɓoye hatsi.

Daga baya masu waldar suka riƙa kwafar ƙa'idar daga jikin zanen, har wani a Maigatari ya rubuta ta da fenti a bangon rumfarsa. Ilu ya gani wata Alhamis, ya tsaya ya karanta, ya gyara masa wani harafi. Dinah kuwa, har aka yi mata canjin wurin aiki, gudumar nan tana kan teburinta tana danne takardu, kuma ba ta wuce rumfar ba ta tsaya ta ce maigida ina aiki ba.

Abu ɗaya Ilu ya roƙe ta tun ranar da aka gyara ƙa'idar: ta buga masa lambar fai iya inda na'urar ta kai. Ta ba shi 'yar siririyar takarda, ya naɗe ta tare da igiyarsa. Ranar da zai yanka nasa ƙarfen, ya shimfiɗa tef, ya nemi ya sa alama a kan lissafin na'ura da kuma a kan nasa, don ya ga bambancin da idonsa. Ya feƙe allin a jikin dutse, ya ja layi. Layin ya haɗiye duka biyun. Ya sake feƙewa har allin ya karye. Asama'u ta aiko a ce abinci na hucewa, ya ce a gaya mata yana zuwa, ya shiga neman allurar da za ta ja layi mafi siriri a cikin gwangwanin kusoshi.